Taura biyu ba ta taunuwa: Abin da ilimin dabarun kasuwanci ke koyarwa

Akwai wata magana da 'yan kasuwa ke yawan jefa wa irinmu, malaman da ke koyar da harkokin kasuwanci a jami'a, wani lokaci cikin raha, wani lokaci kuma da gaske: "Malam, in har kun san sirrin kasuwa, me ya zaunar da ku kuna jiran albashi?" Na sha jin ta a wurin ɗaurin aure, na ji ta a zaman makoki, na ji ta har daga bakin 'yan uwana na jini. Ba ta ɓata mini rai, sai dai tana nuna mini yadda jama'a suka ɗauki fannin da na shafe shekaru ina karantawa ina kuma karantarwa, wato ilimin tsara dabarun tafiyar da kamfani da gogayya a kasuwa. An ɗauke shi tamkar wani laƙani na kiran kuɗi, wanda in ka haddace shi dukiya za ta biyo ka. Da wannan zato ɗalibai da yawa ke shigowa ajina a shekararsu ta ƙarshe, kuma aikina na farko a kowane zango shi ne in raba su da shi.

Tambaya ce fannin yake bi tun daga farkonsa har ƙarshensa. Me ya sa mutum biyu za su buɗe shago a layi ɗaya, da jari kusan ɗaya, bayan shekara biyar ɗayansu ya ƙara shago na biyu, ɗayan kuma ya mayar wa mai shago makullinsa? Me ya sa kuma wata sana'ar kusan duk wanda ke cikinta yana samu, wata kuwa kowa yana zufa amma babu mai tara abin kirki? Mun yi imani cewa arziki na Allah ne, Yana ba wanda Ya so. Amma wannan imani bai hana manomi sanin ƙasar da ke karɓar gero da wadda ke karɓar shinkafa ba. Irin wannan sanin sababi, a fagen ciniki, shi muke nema a aji.

A Amurka aka haifi fannin, kuma bai daɗe a duniya ba. Kalmar da Turawa ke kiransa da ita ta samo asali ne daga sunan da Girkawan dā ke kiran jagoran rundunar yaƙi. Makarantar Kasuwanci ta Jami'ar Harvard, wadda aka kafa a 1908, ta fara koyar da wani darasi kan manufofin kamfani tun cikin shekarunta na farko, inda ake ɗora wa ɗalibi matsalar wani kamfani na gaske a ce masa: kai ne shugaba, me za ka yi? A 1962 masanin tarihi Alfred Chandler ya fitar da nazarinsa kan manyan kamfanoni huɗu, DuPont da General Motors da Standard Oil na New Jersey da Sears, ya nuna cewa alƙiblar da kamfani ya fuskanta ita ke ƙayyade yadda za a tsara sassansa da shugabancinsa. Sai a 1979 da 1980 Michael Porter, shi ma malami a Harvard, ya zo da abin da har yau ya fi komai suna a ajujuwanmu. Ya ce abubuwa biyar ne ke matsa wa ribar kowace sana'a lamba: zafin gasa tsakanin waɗanda ke cikinta, sauƙin shigowar sababbi, ƙarfin masu saye wajen karya farashi, ƙarfin masu ba ka kaya wajen tsawwala maka, da kuma samuwar wani abu daban da zai biya buƙatar da kai kake biya.

Babu ɗalibin da ya zauna a ajina da ba zai iya jero maka waɗannan biyar ba, har ya zana maka akwatunansu da kibansu. Inda ake rabuwa shi ne lokacin da na ce a jarrabawa: ka ɗauki sana'ar POS a unguwarku, ka auna ta da wannan ma'auni, sannan ka gaya mini ko za ka ba ƙaninka shawarar ya zuba abin da ya tara a cikinta. A nan ne takardu da dama ke komawa ga bayanin ma'ana, suna sake jero abin da aka haddace, alhali amsar tana bakin titin da ɗalibin ya biyo da safe.

Mu duba tare. Shiga wannan sana'a ba ta buƙatar fiye da laima da teburi da na'ura da ɗan jarin juyawa, don haka duk ranar da aka ga kana samu, gobe za ka tarar da wata laimar kusa da taka. Wanda ya zo cire kuɗi ba ruwansa da kai, domin naira dubun da ka miƙa masa ba ta fi ta maƙwabcinka ba, kuma in ka ƙara masa naira hamsin a caji, taku goma zai yi ya samu wani. Tsabar kuɗin da kake juyawa ba a hannunka ikonta yake ba, yana hannun banki ne da gidajen mai da manyan 'yan kasuwa. Mun ga haka ƙarara a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira, sa'ad da caji ya yi tashin gwauron zabi, sannan ya sauko da kuɗi suka wadata. Abin da zai maye gurbinka kuwa yana aljihun abokin cinikinka, wato tura kuɗi ta waya, wanda yanzu mai shayi da mai nama ma suna karɓa. Ɗalibin da ya bi wannan lissafi har ƙarshe zai gano wani abu da ba na rubuta wa a allo: duk laimar da aka ƙara kafawa tana rage rabon masu laima, amma tana ƙara rabon kamfanin da ya ba su na'ura, domin shi yana cire nasa a kowane ciniki, ko a hannun wa aka yi shi.

Wannan ba wasan aji ba ne. Na san gidajen da uba ya karɓi kuɗin sallamarsa bayan shekara talatin da biyar yana aikin gwamnati, ya danƙa wa ɗansa mai digiri don ya ja jari, ɗan ya duba abin da ake yayi ya faɗa ciki. Yau ruwan leda, gobe kiwon kaji, jibi shagon cajin waya. Babban ciwon kasuwancinmu shi ne kwaikwayo: ana hango cinikin wani ana yi wa rogo kallon kitse, ba a tambayi abin da zai faru da ribar ba idan masu ita suka zama ashirin a layi ɗaya. Kafin shekara biyu uwar kuɗin ta narke, kuma abin da ke biyo baya a irin wannan gida ya wuce asarar kuɗi, domin har gaisuwar safe tana yin nauyi tsakanin ɗa da mahaifi.

Mafitar da Porter ya nuna ita ce mutum ya tsaya a wuri guda da zai iya karewa. Ko dai ka zama wanda kayansa ke zo masa da araha fiye da kowa, ko ka zama mai wani abu da ba a samu wurin kowa ba har a yarda a biya ƙari, ko kuma ka keɓe wani rukunin masu saye ka yi musu hidimar da babu mai yi musu irinta. Mai son ya haɗa duka yakan tsinci kansa a tsakiya, bai kai mai araha araha ba, bai kai mai inganci inganci ba. A wata maƙala da ya buga a 1996 ya ƙara fito da batun fili, inda ya nuna cewa yin abin da kowa ke yi cikin ƙwarewa bai isa a kira shi dabara ba, tunda ƙwarewa ana koyonta a kamo ka, kuma zuciyar dabara ita ce zaɓen abin da ba za ka yi ba. Tun kafin a haifi Porter Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Wannan shi ne darasin da na fi so ɗalibaina su fita da shi, kuma shi ne ya fi wuyar shiga, domin bari yana da ciwo.

Wani tsohon ɗalibina, ɗan gidan teloli, ya gaji shagon mahaifinsa, sai ya yanke shawarar ba zai ƙara ɗinka komai ba sai kayan 'yan makaranta. Azumi ya zo, mutane suka yi ta kawo shaddodinsu na ɗinkin Sallah, ya riƙa ba su haƙuri yana nuna musu shagon maƙwabci. Danginsa suka ce boko ya taɓa masa kai, wa ya taɓa ganin tela yana korar ɗinkin Sallah? Amma da ya tsaya kan abu ɗaya, sai ya zama yana sarin yadi iri ɗaya bandir-bandir a farashin da ƙaramin tela ba zai samu ba, yana yanka riga hamsin a zama ɗaya bisa awo huɗu ko biyar, yaransa suna ƙwarewa cikin 'yan makonni saboda aikin ba ya canzawa, makarantu kuma suna ba shi aiki tun lokacin dogon hutu, ya san abin da zai shigo masa kafin zango ya fara. Bai sayi keken surfani ba, bai kwana a shago daren Sallah ba, bai kuma saɓa wa kowa alƙawari ba. Maƙwabtansa suna gani, kuma babu abin da ya ɓoye musu. Abin da ya hana su bin sahunsa shi ne sai sun haƙura da kuɗin Sallah tukuna, su kuwa ba za su iya ba. Abin da ya sadaukar shi ya zame masa katanga.

Daga nan ne tambaya ta biyu ke tasowa, wadda wani masani mai suna Jay Barney ya tsara a 1991: abin da ka fi abokan gasarka da shi, za su iya kwaikwayonsa, kuma cikin wane lokaci? Waɗanda suka yi wayo a farkon zuwan wayar salula za su tuna cewa MTN da Econet sun fara aiki a watan Agustan 2001, bayan kowannensu ya biya dala miliyan 285 kuɗin lasisi, kuma da minti suke cajin kira. Da Glo ya shigo a 2003 ya fara caji da daƙiƙa, jama'a suka yi tururuwa zuwa gare shi. Dabara ce mai kyau wadda ta buɗe masa ƙofa, amma ba a daɗe ba sauran suka bi, abin ya zama ruwan dare. Ka kwatanta wannan da siminti. Wanda zai yi gogayya da masana'anta irin ta Dangote da ke Obajana a Jihar Kogi sai ya mallaki wurin haƙar dutsen da ake simintin da shi, ya samu makamashin da zai kunna tanderu dare da rana, ya tanadi manyan motocin dakon kaya masu ɗimbin yawa, ya kuma iya jiran shekaru kafin jarinsa ya dawo. Ina kuma tuna wa ɗalibai cewa wani ɓangare na wannan katanga manufar gwamnati ce ta gina shi, domin tun daga 2002 aka ɗaure izinin shigo da siminti da sharaɗin kafa masana'anta a cikin gida. Mai nazarin gasa a ƙasa irin tamu da bai sa ido kan manufofin gwamnati ba, rabin filin kawai yake gani.

Kada a zaci sai mai biliyoyi ne ke da abin da ba ya kwaikwayuwa. A shagon atamfar kawuna na yi yawancin hutun makarantata, kuma atamfarsa ba ta bambanta da ta sauran 'yan layin ba, wuri ɗaya suke sari. Abin da yake da shi shi ne sanin mutane. 'Yan kasuwa daga ƙauyuka da garuruwa masu nisa sukan zo ya ba su kaya bashi ba tare da takarda ba, domin ya san wanda ke biya bayan kaka, ya san wanda mahaifinsa ya taɓa cika alƙawari a shekarar fari, ya san wanda za a ba turmi goma da wanda ba za a wuce uku ba. Shekara talatin ya yi yana tara wannan sani, kuma babu mai kuɗin da zai saye shi a wata guda. Da na karanta Barney ina karatun digiri na biyu, fuskar kawu na riƙa gani a shafin. Sai dai da Allah Ya yi masa rasuwa, an raba shago da kaya da kuɗi bisa ƙa'idar gado, amma dukiyar da ta fi su duka tana cikin kansa, ta tafi tare da shi. A shekara biyu abokan cinikin suka watse. Da akwai wanda ya zauna da shi ya rubuta wa ake ba bashi, nawa, kuma don me, da magadansa sun gaji kasuwar, ba kayan kanti kawai ba. Irin wannan aiki ne ya kamata mai digiri a wannan fanni ya iya yi wa gidansu.

Duk da haka ina jan kunnen ɗalibaina kada su ɗauki tsarin da aka rubuta a takarda tamkar duba. Labarin da nake ba su shi ne na shigar kamfanin Honda na Japan kasuwar babura ta Amurka a 1959. A 1975 kamfanin ba da shawara na Boston Consulting Group ya rubuta wa gwamnatin Birtaniya rahoto kan dalilin durƙushewar masana'antar baburanta, ya bayyana nasarar Honda a matsayin shiri da aka tsara tun farko: a ƙera ƙananan babura masu yawa, farashi ya sauko, a mamaye kasuwa. Daga baya wani malami, Richard Pascale, ya je ya zauna da jami'an Honda da suka yi aikin da hannunsu, ya buga abin da suka gaya masa a 1984. Ashe manyan babura suka je sayarwa a Los Angeles, sai baburan suka riƙa yoyon mai suna lalacewa, saboda Amurkawa suna tafiya mai nisa da gudu fiye da yadda aka saba a Japan. Ƙaramin babur ɗin nan, Super Cub, da suke hawa su je aike, shi mutane suka riƙa tsayar da su suna tambaya. Da farko sun yi ɗari-ɗarin sayar da shi don kada ya rage musu kwarjini a idon masu son manyan babura. Da suka haƙura da wannan buri suka bi abin da kasuwa ke nuna musu, zuwa 1964 kusan rabin baburan da ake sayarwa a Amurka na Honda ne. Henry Mintzberg na Jami'ar McGill da ke Kanada ya gina bayani mai faɗi kan irin wannan, cewa akwai dabarar da ake ƙullawa tun farko, akwai kuma wadda ke tsirowa a kan hanya.

Mu ma muna da namu labarin, wanda ya girmi na Honda. Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, auduga Turawa suka sa rai za ta cika taragun, don ciyar da masaƙun Lancashire, har sun kafa ƙungiyar bunƙasa nomanta tun 1902. Manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da daraja fiye da Bature, gyaɗa kuma ta fi biyan wahalar noma, in farashinta ya faɗi ma a ci ta a gida. Fataken da suka saba kai-komo zuwa Gwanja neman goro, irin su Alhassan Dantata, suka juya jarinsu da wakilansu da amanar da suka gina zuwa sayen gyaɗa, abin da ya kai ga dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita. Masanin tattalin arziki Jan Hogendorn ya rubuta littafi sukutum kan wannan a 1978. Masu tsari a takarda auduga suka hango, masu ido a kasuwa suka ga gyaɗa. Kuma su ma fataken sai da suka saki wani abu da suka saba kafin su kama sabon.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗalibinmu ya fi sanin tarihin kamfanonin Amurka da Japan fiye da na Kantin Kwari ko Dawanau ko Singa, domin na can an rubuta, namu kuwa yana bakin dattawa. Kamfanonin can suna buɗe wa masu bincike ƙofa, ɗan kasuwarmu kuma da ya ga ɗalibi da biro da takarda sai ya zaci ma'aikacin haraji ne ko ɗan leƙen asirin abokin gasa. Ina roƙon iyayenmu 'yan kasuwa su sassauta. Ba adadin kuɗinku muke son sani ba, hanyar da kuka bi kuka yanke shawara muke so a adana, saboda jikokinku su same ta. Mu malamai kuma nauyi ne a kanmu mu riƙa tura ɗalibai kasuwa kamar yadda ake tura ɗaliban likitanci asibiti, mu kuma tsara jarrabawar da mai hadda kaɗai ba zai haye ta ba.

Ku kuma ɗalibai, musamman masu shirin kammalawa waɗanda wani a gida ya yi musu alƙawarin jari, ga aikin da nake ba 'yan ajina a makon ƙarshe, ba na kuma ba shi maki. Ka ɗauki takarda ɗaya ka rubuta layi uku. Na farko, su wane ne zan yi wa hidima, kuma me zai sa su tsallake shagon wani su zo nawa? Na biyu, wane ciniki ne zan mayar ko da an zo mini da kuɗi a hannu? Na uku, in na fara samu, me zai hana maƙwabcina yin irin nawa a wata mai zuwa? Ka kai wa wani dattijon da ya daɗe a sana'ar ya karanta, ka saurari inda zai yi dariya. In ka ga layi na biyu ya ƙi cikuwa, ka ce wa Baba ya riƙe kuɗinsa tukuna.